Malafa, Hirami ko Hana-Sallah: Me Mai Aikin Rana Zai Ɗora a Kansa?

Duk wanda ya taɓa wuni a gonar rani cikin watan Afrilu ya san farin layin nan da ke fitowa a jikin hula. Da safe ka sa ta fes, kafin la'asar ka cire ka tarar da wani zane fari ya kewaye ta kamar an ja da alli. Gishirin jikinka ne. Zufa ta fito, hula ta shanye, rana ta busar, gishiri ya zauna. Na shafe shekaru ina noman rani a yankin Kadawa, inda ruwan dam ɗin Tiga ke ratsa gonakin Kura da Garun Malam da Bunkure, kafin nan kuma na yi leburancin gini a cikin birnin Kano, don haka da wuya a ambaci abin rufe kai da ban gwada ba. Abin da na gane shi ne, aiki biyu muke nema a wurin abu ɗaya, kuma ayyukan nan ba sa ga maciji da juna. Muna son inuwa, muna kuma son abin da zai tare zufa kada ta gangaro mana cikin ido. Mai ba da inuwa sai ya yi faɗi ya ɗan nisanci fata. Mai shan zufa kuwa sai ya manne da goshi. Wanda ya shiga kasuwa neman hula guda da za ta yi masa duka biyun, yawanci da rabin buƙatarsa yake komawa gida.

Akwai abin da ya kamata a sani game da zufar kanta, domin da shi za mu auna kowace hula. Bushewar zufa ce ke sanyaya jiki, fitowarta kawai ba ta wadatar ba. Yadda randa ke tsatsafo iska na busarwa har ruwan cikinta ya yi sanyi, haka fatar ɗan Adam take. Zufar da ta ɗiga ƙasa ta tafi a banza. Wadda ta taru a ƙarƙashin hular da iska ba ta ratsawa ita ma ta tafi a banza, ga ƙarin ƙaiƙayi da ƙurajen zafi. Mai aikin ƙarfi a tsakiyar bazara na iya zubar da lita guda ta zufa cikin awa ɗaya, wani ma fiye, wato ledar fiya wata biyu cur. A Sakkwato, Maiduguri, Nguru, Maraɗi da Damagaram zafin Afrilu kan haura digiri 40 a inuwa, kuma a farkon Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai 48.5. Jikin mutum digiri 37 yake. Idan iskar waje ta fi shi zafi, bushewar zufa ce kaɗai ƙofar da ta rage masa ya fitar da zafin cikinsa. Saboda haka tambayar farko ga kowace hula ita ce: tana barin iska ta shiga? Ta biyu: ina da ina inuwarta ke kaiwa?

Hana-sallah

Da ita zan fara domin ita ta cika ko'ina, daga wurin gini zuwa tashar mota. Ba a banza matasa suka rungume ta ba. Tana da araha, wani lokacin ma kyauta ake samunta lokacin siyasa ko a wurin masu tallan taki. Iska ba ta ɗauke ta. Tana shiga aljihu, tana wankuwa, bakinta yana kare ido daga hasken da ke zuwa ta gaba, kuma mai kyau daga cikinta tana da wani ƙyalle a ciki da ke kewaye goshi yana shan zufa. A wajen tare zufa kam ta fi malafa nesa ba kusa ba.

Matsalarta tana bayyana ne da zarar mutum ya duƙa. Manomi da fartanya, mai dashen albasa, mai tsinkar tumatir, lebura mai kwaɓa siminti, duk fuskarsu ƙasa take kallo mafi yawan wuni. A wannan duƙon bakin hular ƙasa yake yi wa inuwa, ita kuwa rana ta sami ƙeya da bayan wuya da kunnuwa a buɗe, ta yi ta dukansu tun daga hantsi har la'asar. Shi ya sa za ka ga wuyan manomi ya yi baƙi ƙirin ya yi kaushi kamar fatar da aka jeme, alhali goshinsa na nan da haskensa. Wasu kan juya bakin baya, kamar yadda ake yi in za a yi sujada, to an rufe ƙeya ke nan an buɗe ido. Ko ta ina ka juya ta, gefe ɗaya take karewa.

A Ostiraliya, ƙasar da ke cikin waɗanda suka fi fama da sankarar fata a duniya, hukumomin yaƙi da cutar ba sa lissafa irin wannan hula cikin masu kariya daga rana, saboda wannan dalili na kunne da wuya. Abin da suke ba da shawara shi ne hula mai baki zagaye da faɗinsa ya kai santimita 7.5 ga babban mutum. Ka haɗa yatsunka huɗu, kusan faɗin ke nan.

Sai kuma yadin. Yawancin na kyauta da na araha yadin roba ne, wasu har da soso a gaba inda aka buga rubutu. Soson nan shi ne mugun. Yana riƙe zafi daidai kan goshi, ba ya shan zufa, sai dai ta bi gefensa ta gangara cikin ido da gishirinta. In hana-sallah ce zaɓinka, nemi ta auduga, mai haske, mara soso. Mai raga a baya tana shigar da iska sosai, amma mai sanƙo ko mai aski ƙwal ya sani rana na ratsa ragar. Gyara mafi sauƙi shi ne a shimfiɗa hankici babba ko guntun ƙyalle a ka, a bar shi ya sauko ya rufe kunnuwa da ƙeya, sannan a ɗora hular a kai ta danne shi. Da wannan ɗan ƙyallen kaɗai, hular da ba ta da wani kirki ta zama abin da za a iya wuni da shi.

Malafa

A nan zan daɗe, domin ina ganin an yi wa malafa rashin adalci. Matasa na kallonta a matsayin kayan tsofaffi da makiyaya, ko kayan ado na mahaya a hawan sallah. Alhali kuwa a wajen inuwa, babu abin da ake sayarwa a kasuwanninmu da ya kama ƙafarta. Da kaba ake saƙa ta, ganyen goriba, kuma saƙar na da ƙananan kafofi da iska ke bi. Bakinta ya zarce yatsu huɗun nan, babba ma har kafaɗa take rufewa. In ka duƙa, bakinta na baya ya sauka kan wuya da doron baya, daidai inda hana-sallah ta bari a buɗe. Ƙoƙonta kuma ba ya manne wa kai, akwai sarari tsakanin tsakar ka da saman hular, inda zafi ke taruwa ya fita. Kaba ba ta ɗaukar zafi kamar roba. Taɓa saman malafa da azahar, ka taɓa saman baƙar hana-sallah, hannunka zai ba ka labari.

Amma ba kowace malafa ce malafar aiki ba. In ka je saye, a Kurmi ne ko a kasuwar ƙauye, ɗaga ta sama ka kalli rana ta cikinta. Idan ka ga haske na zubowa ta bakinta kamar rariya, ajiye ta, domin yadda haske ya ratsa haka zafin rana mai ƙona fata zai ratsa. Bakin ake so ya zama mai matsattsiyar saƙa. Ƙoƙon ne babu laifi in ya ɗan yi sako-sako ta gefe don iska. Duba gefen bakin ko an naɗe shi an ɗinke, domin ta nan take fara warwarewa. Wadda dukawa suka yi wa dajiya da siririyar fata a gefe tana daɗewa. Wadda aka lulluɓe da fata ja da baƙa har sama kuwa kyau gare ta a ido, amma nauyi gare ta, fatar ta toshe kafofin iska, kuma in zufa ta jiƙa ta takan yi wari. Wannan ta hawan doki ce da zuwa kasuwa. Ta gona mara nauyi ake nema, wadda za ka manta tana kanka.

Kada ka sayi wadda ba ta da igiyar haɓa, in kuma ka saya ka sa mata. Iskar da ke gabatar hadarin farkon damina ba ta sallama, malafa kuwa faɗinta ne ke ba iska wurin kamawa. Igiyar kuma ita ke ba ka damar tura ta baya ta rataya a wuya in ka shiga inuwa ko za ka yi alwala.

Aibinta na gaskiya guda ne: ba ta shan zufa ko kaɗan. Kaba santsi gare ta, zufa ta bi goshi ta wuce kai tsaye cikin ido. Sabuwa kuma tana kartar goshi, ga mai aski ƙwal har ta yi masa sawu. Shekarata ta farko a gona na ajiye malafa saboda haka, na koma hana-sallah, har wata rana wani dattijo da gonarsa ke maƙwabtaka da tamu ya ga ina ta share ido da bayan hannu mai ƙasa. Ya kira ni bakin kwalbatin ruwa. Ya cire malafarsa, sai na ga ashe akwai wani tsohon farin hirami a ƙarƙashi, ya sha wanki har ya yi laushi kamar auduga. Ya kwance shi, ya tsoma a ruwa, ya matse da hannu biyu har ya daina ɗiga, ya ninka shi gida uku a tsaye, ya ɗora tsakiyarsa a goshi daidai saman gira, ya zagaya da shi ya ɗaure a ƙeya, ya bar jela biyu suna lilo a bayan wuya. Sannan ya mayar da malafa a kai ya ja igiya.

Na ce, "Baba, kaya biyu a ka da wannan zafin?"

Ya ce, "Yaro, ita malafa da rana take faɗa. Shi wannan da gumi yake faɗa. Kowa da abokin gabarsa."

Tun daga ranar ban sake raba su ba. Jiƙaƙƙen ƙyallen da ke ƙarƙashin malafa yana cikin inuwa, ga iska na ratsa kaba tana busar da shi a hankali, sai kai ya zama kamar randa. Da a fili yake babu malafa, rana za ta busar da shi nan da nan, sanyin ma rabinsa iska za ta kwashe. A cikin bazara, lokacin da iska ke a bushe ƙamas, wannan dabara na aiki ƙwarai. In damina ta kankama iska ta cika da laima, ƙyallen ba ya bushewa da wuri, sai ya zama nauyi kawai. A lokacin busasshe ya fi, a riƙa matse shi in ya cika.

Malafa na son kulawa kaɗan. Da hunturu kaba kan bushe ta riƙa karyewa, sai a ɗan yayyafa mata ruwa. In ruwan sama ya dake ta a shanya ta a inuwa, kada a jefa ta ɗaki a jiƙe ta yi funfuna. A rataye ta a ƙusa, domin gara da ɓera duk suna sonta. Wurin da ba ta dace ba kuma a bayyane yake: kusa da wuta ko tartsatsin walda, kan babur, saman gini inda iska ke kaɗawa, da cikin gonar dawa ko rake da ta yi duhu inda bakinta zai yi ta sarƙewa.

Tana da 'yar uwa ta zamani, hular yadi mai baki zagaye irin ta sojoji da 'yan safiyo, wadda ake samu a gwanjo, misali a Ƙofar Wambai. Tana wankuwa, tana naɗewa, ruwa ba ya ɓata ta, wasu ma suna da ƙyallen shan zufa a ciki da ƙananan huji a gefe. Ita ce ta fi kusa da yin aikin nan biyu a lokaci guda. Sai dai bakinta bai kai na malafa ba, in ya jiƙe yakan lanƙwashe ya rufe ido, kuma yadi mai kauri bai kai kaba shigar da iska ba. Ga wanda ke yawo tsakanin wurare a kan babur yana sauka yana aiki, ta fi malafa sauƙin ɗauka.

Rawani da hirami

Buzaye ba su riƙe rawani don ado kawai ba. Mai ratsa Sahara daga Agadas zuwa Bilma yana fama da rana da iska mai zafi da yashi a lokaci guda, rawani kuma, wanda wani kan kai mita biyar ko fiye, yana rufe kai da kunne da wuya, amawali ya rufe hanci da baki. Ninkin yadin yana riƙe iska a tsakaninsa ya hana zafin rana isa ga fata, yana shan zufa, iska kuma ba ta ɗauke shi. In aikinka akwai ƙura, kamar sussuka, shiƙa, lodin yashi ko kiwo a fili, wannan kariyar hanci da baki babu hular da za ta ba ka ita.

Inda ya gaza shi ne ido. Rawani ba shi da baki, don haka hasken rana na sauka kai tsaye kan fuska. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin daɗewa cikin hasken rana na cikin abubuwan da ke jawo yanar ido da kuma tsiron naman nan da ke tasowa daga gefen ido ya nufi baƙin, wanda ya yawaita a tsakanin manoma da masunta. Sannan a ƙasar Hausa rawani na da ma'anarsa, na sarauta ne da malanta, lebura ba zai naɗa cikakke ya hau gini ba. Ɗan Kura, rawanin shuni mai sheƙi, wanda Buzaye ke zuwa saye tun zamanin da, tsada gare shi, kuma shuninsa na zuba a fata in an yi gumi. A wasu yankunan da ke fama da rashin tsaro ma, rufe fuska ruf a hanya na iya jawo wa mutum zargin da bai ji ba bai gani ba.

Shi ya sa hirami ya fi dacewa da mai aiki. Gajere ne, mara nauyi, kowa na yafa shi ba tare da an ce komai ba. Ka ɗaura a goshi, ka rufe hanci in ƙura ta taso, ka jiƙa, ka shimfiɗa ka yi sallah. Amma a duba yadin. Da yawa daga cikin masu arahar nan roba ce zalla, santsi gare su, ruwa ma zamewa yake a kansu. Ɗiga masa ruwa kaɗan a gaban mai kaya: auduga za ta shanye nan take, roba kuwa ruwan zai tsaya ya dunƙule. In babu hirami, yadi ɗaya da rabi na farin akoko ko tsohon zanen auduga da ya sha wanki ya wadatar. Tawul yana shan zufa fiye da kowa, amma kauri gare shi, yana riƙe zafi, gara a rataya shi a wuya don share fuska.

Gargaɗi guda da ba na wasa da shi: jelar hirami ko rawani kada ta yi lilo kusa da inji. Belin injin ban ruwa, injin casa, injin niƙa, duk suna iya cafke ƙyalle su fizgi wuyan mutum kafin ya ce wayyo. In za ka matsa kusa da inji, cusa jelar ciki ko ka cire gaba ɗaya.

Batun launi kuwa, an daɗe ana gardamarsa. A 1980 wasu masana sun yi gwaji a hamadar Negev kan dalilin da ya sa Larabawan ƙauye ke sa baƙaƙen riguna, suka buga sakamakon a mujallar Nature. Sun gano baƙar riga ta fi ɗaukar zafi, amma da yake burmemiya ce, iskar da ke yawo a ƙarƙashinta na kwashe zafin kafin ya kai fata, sai mai baƙa da mai fara suka tashi kusan daidai. Wannan hujja ce ga riga mai faɗi da rawani mai ninki da yawa. Hular da ta manne da kai ba ta da wannan sararin, don haka a nan fara ko mai haske ta fi.

Hular kwano

A wurin gini babu wani zaɓi. Inda bulo, katako, rodi ko guduma ke iya faɗowa daga sama, maganar malafa ba ta taso ba. Na san tana da zafi. A wani gini da na yi aiki, wani abokin aikinmu ya cire tasa da azahar ya rataye a jikin katako don kansa ya sha iska, ya ci gaba da kwasar yashi a gindin bene. Guntun bulo da bai kai dunƙulen hannu ba ya suɓuce daga hawa na biyu. Da ɗinki ya koma gida, ya yi makonni bai fito aiki ba, kuma Allah ne ya taƙaita.

Abin yi shi ne a rage mata zafi ba tare da an ɓata ta ba. Igiyoyin da ke cikinta su ne ke riƙe kwanon nesa da kai, sararin nan shi ke shanye ƙarfin duka, shi ne kuma hanyar iska. Masu cusa hana-sallah a ƙarƙashi suna toshe shi, kuma maɓallin da ke tsakiyar hular na iya zama abin da zai huda kai in abu ya faɗo. Siririn ƙyallen auduga da aka ɗaura lafe da kai, aka bar shi ya sauko ƙeya, shi ne daidai. Kada a huda kwanon da ƙusa don iska, yana raunana shi. Akwai waɗanda aka yi da kafofin iska tun daga masana'anta, suna da kyau ga birkila da kafinta, amma ba na mai aikin lantarki ba ne. Fara ta fi mai duhu sanyi. Rana kuma na cinye robar a hankali, in ka ga launinta ya koɗe, ta yi gari-gari ko ta tsage, ta gama aiki ko da ba a taɓa dukanta ba. Mai walda ya guji duk ƙyallen roba a kansa, domin tartsatsi na narkar da shi ya manne da fata. Auduga mai kauri ce tasa.

Hularmu ta gargajiya, kube ko zanna, ba ta cikin wannan gasa. Ba ta da baki, kauri gare ta, zufa kuma na lalata aikin zaren da aka sha wahalar yi. A bar ta a gida don Juma'a.

Ɗan dako da mai ɗaukar kwanon kankare a ka ba su da wurin ɗora malafa, gammo ya riga ya zauna. Su sai dogon ƙyalle: a naɗe rabinsa gammo, a saki rabin ya rufe ƙeya da kunnuwa.

Mata ma na wuni a rana, wurin tsinkar tumatir da barkono, roron gyaɗa, shiƙa, ɗebo ruwa da talla, kuma nasu ya fi wuya domin kai da wuya a rufe suke dama. Yawancin hijaban kasuwa yadin roba ne mai santsi, da yawa kuma masu duhu. A ƙarƙashinsu ga ɗankwali, wani lokacin ga hular gashi, zufa ta taru a kitso ta rasa hanyar fita, daga nan sai ƙaiƙayi da ƙuraje a wuya. Hijabin aiki ya kamata ya zama daban da na unguwa: auduga mara nauyi, mai haske, mai faɗi yadda iska za ta shiga ta ƙasa, da ɗankwalin auduga guda a ciki. Malafa kuma tana zama daram a kan hijabi, ba ta rage sutura da komai, kuma ita ce za ta kare fuskar da hijabi ya bari a buɗe.

Wanda wannan magana ta fi shafa duka shi ne zabiya. Baƙar fata na da kariyar da Allah ya yi mata, ko da yake ba ta hana ido lalacewa ko jiki galabaita ba. Zabiya ba shi da wannan kariya, kuma sankarar fata na cikin manyan abubuwan da ke hallaka zabiya a Afirka, sau da yawa a fuska, kunne da wuya. A gare shi hana-sallah ba zaɓi ba ce sam. Malafa mai faɗi, mai matsattsiyar saƙa, da ƙyalle a wuya, da riga mai dogon hannu da tabarau, tun yana yaro. Iyaye su riƙe wannan da gaske. Ga sauran jama'a ma, ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2023 ta nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na masu mutuwa da nau'in sankarar fata da ya fi yawa, aiki a rana ne sanadi.

Akwai hasken da babu hular da ke tare shi, wanda ke tasowa daga ƙasa. Mai aiki a kan ruwa, mai rufin kwano, mai aiki a farin yashi ko sabon daɓen siminti, hasken na dawo masa ta ƙarƙashin bakin hula. Shi sai ya haɗa da tabarau. Mai feshin maganin ƙwari kuma ya ware abin rufe kansa na feshi daban, wanda ke wankuwa, domin kaba da auduga duk suna shanye magani, jiƙaƙƙiyar fata kuma ta fi saurin ɗaukarsa. Ƙyallen da aka yi feshi da shi ba a share fuska da shi, ba a kuma haɗa shi wanki da kayan yara.

In an tambaye ni a taƙaice: mai noma, mai kiwo, mai lambu da mai talla a tsaye, malafa da siririn hirami a ƙarƙashi. Mai gini, hular kwano da ƙyalle a ƙeya. Mai aikin ƙura, hirami da zai kai hanci, a ɗora hula mai baki a kai. Mai hawa sama ko aiki cikin iska inda babu abin da zai faɗo masa, hana-sallah ta auduga da hankici. Duk cikinsu babu wanda ke maye gurbin ruwa. Masana lafiyar ma'aikata na cewa kofi guda duk minti 15 zuwa 20, wato kusan ledar fiya wata ɗaya duk rabin awa, ba sai an ji ƙishi ba. Azumin 2024 da na 2025 sun faɗo cikin Maris, da yawanmu sai muka koma fita tun bayan asuba mu tashi kafin azahar, kuma jiƙa hirami ya taimaka ƙwarai tunda ba ya karya azumi. In ka ga abokin aiki ya fara jiri, yana tangaɗi, yana maganar da ba ta kan hanya, jikinsa ya yi zafi rau, kada a tsaya cewa ya huta zai ware. A kai shi inuwa, a cire masa duk abin da ke kansa, a kwara masa ruwa a jiki ana yi masa fifita, da malafar ma in ita ce a hannu, a nemi abin hawa zuwa asibiti.

Ni dai hirami biyu nake fita da su. Ɗaya a ka, ɗaya a rataye a reshen darbejiyar da ke bakin gona. Da azahar in na sauko sallah sai in musanya, in ɗauraye na safen a ruwa in shanya. Da daddare duka biyun su sha sabulu, domin gishirin da ya kwana a ƙyalle shi ke sa shi ya yi tauri ya kurje goshi washegari, kuma ba na ara wa kowa, saboda makero ta nan yake bi. Malafar da nake sawa yanzu damina uku ke nan tana hannuna, igiyarta kawai na sauya sau biyu.